Ya Meram, Mai Hana Baƙo Tafiya

Kafin jirgin Kano ya yi kuka a tashar Nguru, Ya Meram ta riga ta share zaurenta, ta cika randuna, ta zagaya turken dabbobi. Ba gaisuwa ke kai ta can ba, ƙafafun jakuna take dubawa. In ta ga laka har gwiwa a jakin da ya zo daga Gashuwa, to ranar duk wanda ya ce zai yi gabas sai ya sha faɗa. In kuwa raƙuman da suka sauko daga arewa, ƙasar da Faranshi ke mulki, sun iso da tozo a kwance, sai ta ce rijiyoyin arewa sun ja baya, kowa ya kwance kayansa.

Masaukin baƙi gare ta bayan kasuwa, tun zamanin da aka kawo hanyar jirgi, kuma ita ke haɗa wa matafiya guzuri, gumba da busasshen kifi. Amma kai, kafin ka samu guzurin nan sai ka sha tambaya! Ina za ka? Da wa? Salkarka sabuwa ce? Don mu Kanawa muna da wata wauta: mu sayi sabuwar salka ranar tashi, sai a tsakiyar daji ruwan ya koma warin jima, ba ya haɗiyuwa. Takan karɓe ta, ta yi kwanaki tana cikawa tana zubarwa, tana mita: "Ku mutanen birni, kun ɗauka arewa Fagge ce?"

Karatunta kullum ɗaya ne. Da bazara ba a shiga arewa. Da damina ba a nufar Gashuwa da dabba. A jira kaka, lokacin da tabkuna ke da ruwa, ciyawa ta wadata, kowane ƙauye kuma akwai gero.

Har gobe 'yan unguwa na ba da labarin Rabe. Ya sauko daga jirgi ana tsakiyar bazara, riƙe da hannun mahaifiyarsa Asibi, tsohuwa tukuf. Burinta ɗaya, ta ga 'yarta Suwaibatu da aure ya kai Gure, can cikin ƙasar Faranshi, kafin ta koma ga Allah.

Da suka iso masaukin ya nemi guzuri, Ya Meram ta dubi tsohuwa, ta dubi Rabe. "Ɗana, ban daka maka ko ƙwayar gero. Ka ɗora baiwar Allah nan kan raƙumi cikin wannan rana? Sai kaka."

"Haba Iya! In ba ta kai kaka ba fa?"

"Rai na Allah ne. Amma in kun tashi yanzu, ba Gure za ka kai ta ba, hanya za ka kai ta."

Rabe ya fusata, ya zagaya kasuwa neman mai raƙumi. Ashe Ya Meram ta riga shi, kowa ya tarar sai ya ce raƙuminsa na ɗingishi. Wallahi ranar raƙuman Nguru kaf guragu ne!

Ba ta tsaya ga hanawa ba. Ta ce ya koma Kano ga sana'arsa, ya bar mata tsohuwa. A ɗakinta Asibi ta yi damina, ana dama mata kunu, ana tura mata hayaƙi saboda sauro. Zazzaɓi ya kwantar da ita sau ɗaya, Ya Meram ta rame kamar ita ce marar lafiyar, don ta san in abin ya zo da ƙarar kwana, bakinta za a kama.

Da aka yanke gero Rabe ya dawo, ta haɗa su da ayarin Madu, madugun da ta yarda da shi. Madu ne ya kawo labari: Asibi ta sauka Gure da ƙafarta, ta rungume 'yarta, har ta goya jika.

Ya Meram, ke ce uwar baƙi. Ke ce kika yarda a yi fushi da ke, in dai za a isa lafiya. Yanzu ido ya yi rauni, ɗanki Modu zai ɗauke ki zuwa Gashuwa ki huta. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma jama'a, in baƙo ya tambaye ku hanya, kada ku nuna masa da baki ku wuce. Ku zaunar da shi, ku ba shi ruwa, ku tambaye shi wa ke jiransa a can.