Ƙafar Jikan Nicanor

Nicanor wanzami ya taɓa yi wa wani baƙo aski a shagonsa da ke garin Jerez. Ya dubi yaron da ya rako mutumin, ya ce, "Kai compadre, abokina, wannan ai kaki ka yi ka tofar. Ɗan damisa ba ya rasa zane." Mutumin ya ɗago da kumfa a haɓa ya ce ai ɗan maƙwabcinsa ne. Nicanor ya ƙarasa askin shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Tun daga ranar ya bar wa Doña Eduviges sana'arta ta faɗin kama.

Doña Eduviges kunun masara take sayarwa a ƙofar coci, amma kafin gwiwa ta hana ta yawo ungozoma ce. Rabin garin a hannunta suka faɗo. A Jerez ba a cewa yaro ya yi kama da wane, cewa ake ya ɗauko: ya ɗauko hancin kakansa, ta ɗauko idon uwarta, kamar an shiga gida an yi ɗiba. Ita ce ke faɗin wa aka ɗebo, kuma ba a ja da ita. Ita kanta tsintar ta aka yi tana jaririya a wannan ƙofar cocin, cikin kwandon burodi, don haka ba wanda ya taɓa ce mata ta ɗauko wani abu na wani. Ba ta damu ba. Takan ce ita ce kaɗai a garin da ba a bin ta bashin hanci.

Ba ta duban fuska. Fuskar jariri, in ji ta, ɗanyen ƙulli ce, yau ta uba gobe ta fadan coci.

Da Noemí, 'yar Nicanor, ta haihu, sai gidan miji ya yi sanyi. Mijinta Efraín a Amurka yake aikin gini, zuwansa na ƙarshe bai daɗe ba ya koma. Yaro ya zo fari, da gashi murɗe-murɗe. Uwar mijin, Doña Prisca, ba ta fito fili da zarginta ba, sai dai in ta karɓe shi takan riƙe shi nesa da ƙirji ta ce, "Ikon Allah. Mu dai gidanmu ba mu da irin wannan gashin." Noemí ta daina cin abinci. Nicanor, mai amsa a kan kowace magana, ya rasa ta wannan.

Ranar baftisma aka taru a tsakar gida, ana zuba romon akuya. Doña Eduviges ta shigo tana dogara sanda, ta zauna, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi nan, 'yar nan."

"Doña, sai kuka yake yi tun safe."

"Na ji shi tun daga lungu. Ba ni."

Ta kwance mayafin, ta zare 'yar safar, ta juya ƙafar hagu. Yatsa na biyu da na uku a manne suke har rabi.

"Prisca, cire takalminki."

"A gaban mutane, comadre?"

"Ni da na ga abin da ya fi ƙafa? Cire, na hagu."

Doña Prisca ta duba dama ta duba hagu, ta sunkuya ta cire. Mata suka leƙo, maza suka yi kamar ba sa kallo. Yatsu biyu manne, ita da yaron kamar an tsaga kara.

"Efraín ma haka na karɓe shi," in ji tsohuwar. "Gashin kuwa na ƙanen mijinki ne, wanda ya tafi Torreón bai dawo ba. Kin manta shi ne don bai taɓa aiko miki komai ba. Abin da aka gada ai ba sata ba ne."

Doña Prisca ta karɓi yaron, ƙafarta ɗaya ba takalmi, ta manna shi a ƙirji. "Dama ni na ce akwai wani abu namu a jikinsa."

Noemí ta jawo kwanon romo gabanta.

Nicanor ya ji harshensa ya dawo. Ya gyara hula, ya matso.

"To Doña, ƙafa tasu, gashi nasu. Ni kakansa na wajen uwa, ko gira bai ɗauko mini ba? Duba da kyau, kyan nan ai ba daga sama ya faɗo ba."

Tsohuwar ta saurari ihun yaron, ta kurɓi romonta.

"Tun da na shigo bai rufe baki ba, kuma har yanzu bai faɗi komai ba. Wannan naka ne, Nicanor, ba mai ja da kai."