Ranar da Na'urar Banki Ta Ƙi Yatsana

Sana'ata ɓarar agushi. Nakan saro shi da ɓawonsa a kasuwar Agyaragu, in kawo Lafia in ɓare da hannu, saboda masu gidan abinci ba sa son na inji, yakan kakkarye. Ɗan abin da na samu ina ajiye shi a wani ƙaramin bankin 'yan kasuwa.

Akwai wata ma'aikaciyarsu, 'yar ƙabilar Tibi ce, da ke ce mini Mama. Da ta haihu har gida na kai mata kunun gyaɗa. Ranar da suka kawo na'ura mai karanta yatsa, ita ta kama hannuna ta ɗora babban yatsana kan gilashin. Sau uku na tambaye ta, in abin ya ƙi fa?

"Haba Mama, kin cika tsoro," in ji ta. "Littafi yana ɓata, ɓera yana ci. Wa zai ci yatsanki?"

Da sabon agushi ya fito, na je in ciri kuɗina in sari buhu biyu kafin ya yi tsada. Na ɗora yatsa, na'urar ta nuna ja. Na goge da zani, na hura masa iska, ja dai. Wani mai keke a bayana ya ce, "Hajiya, ko aro kika yi yatsan?" Layi ya kwashe da dariya.

Ma'aikaciyar nan ta juya hannuna ta duba. Ɓara ta cinye zanen yatsan, ya yi sumul.

Na ce, "'Yata, ai kin san ni."

"Na san ki, Mama. Na'ura ce ba ta san ki ba." Ba ta ɗago ido ba. "Na gaba."

Na koma gida ina tuhumar kaina. Ko na hagu na bayar tun farko? Ko wani laifi na yi ban sani ba? Na daina ɓara, na daina wanke tukunya, ina ta shafa man kaɗe ina duba yatsan a rana. Kusan mako uku haka.

Da na koma, kore ya fito. Ta tafa hannu tana murmushi. "Kin gani, Mama? Ai na ce miki yana aiki."

Na karɓi kuɗin na hau motar Agyaragu. Na tarar 'yan sari sun riga sun kwashe, wanda ya rage ya fi ƙarfina. A wannan kakar, agushin wasu na ɓare, ana biyana a kan mudu.