Ranar Da Sallau Ya Ƙi Ɗaga Wa Yayansa Takarda

Wata rana, a shekarun da neman kwangilar ƙaramar hukuma yake da ƙofa ɗaya tak, wani akawu mai suna Sallau ya yi abin da ya raba shi da yayansa har shekara biyu.

'Yan bana ba za su gane ba, bari in fayyace.

A lokacin, in za a gina gada ko aji ko rijiya, sai a manna sanarwa a allon sakatariya har sati uku, a kuma yi shela ranar kasuwa. Duk mai so ya rubuta farashinsa, ya liƙe a ambulan, ya jefa a wani koren akwatin ƙarfe.

Akwatin nan kwaɗo uku gare shi. Makulli ɗaya na wurin sakatare, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin akawun sashen ayyuka, wato Sallau.

Ranar rufewa, sha biyun rana na cika, sai a liƙe tsagar akwatin da takarda, a buga hatimi. Ko ɗan ciyaman ne ya makara, sai dai ya tari gaba.

Allah sarki, zamani. Yanzu a waya ake ba da kwangila, a ɗakin otal ake sa hannu, mu kuma sai dai mu wayi gari mu ga allo a bakin hanya, aikin kuwa ko oho.

To, a wannan shekarar an fitar da aikin gada a rafin ƙauyen su Sallau.

Yayansa Barau magini ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, da bugun bulo ya kai shi har ya gama makaranta. Barau bai taɓa sa ransa a kan wani aiki kamar wannan ba. Gadar garinsu ce, so yake a ce da hannunsa aka yi ta.

Ranar rufewa aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Sallau yana zaune, ido ɗaya a kan agogon bango, ɗaya a kan ƙofa. Masu nema suna ta zuwa suna jefawa. Barau shiru.

Sha biyu ta cika. Sallau ya shafa gam, ya liƙe tsagar, ya buga hatimi. Kowa ya fita barandar baya jiran ƙarfe biyu, lokacin da za a buɗe akwati a gaban jama'a.

Bayan minti ashirin sai ga Barau. Jiƙe yake sharkaf har ƙirji, taɓo har gwiwa. Ashe rafin ne ya kawo, ya saɓa kekensa a kafaɗa ya ratsa. Ambulan ɗin kaɗai ne bai jiƙe ba, don a cikin hularsa ya ɓoye shi.

Ba kowa a ofis sai su biyu.

"Sallau, ɗaga takardar nan in jefa. Gam ɗin ko bushewa bai yi ba."

"Yaya, sha biyu ta wuce."

"Rafin ne ya tare ni. Rafin da za a yi wa gadar."

"Na sani, Yaya. Amma in na ɗaga maka yau, gobe wani zai zo da nasa yayan, kuma ba ni da bakin hana shi."

Barau ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Bai yi zagi ba, bai yi gori ba. Ya mai da ambulan cikin hula, ya ja kekensa ya fita.

Sallau ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da ma a ce marinsa ya yi.

Wani baƙo ya samu aikin, ya gina gadar.

Daga nan zumunci ya yi sanyi. Ranar sallah Barau kan miƙa masa hannu yana kallon wani gefe. Da aka yi wa Sallau haihuwa, Barau matarsa ya turo suna, shi bai taka ba. Dangi kuwa suka sa Sallau a faifai: boko ya cinye shi, ya fi son takarda a kan ɗan'uwansa.

Ya shanye. Amma fa yana cin sa a rai.

Bayan shekara biyu aka fitar da aikin asibitin sha-ka-tafi. Wannan karon takwas na safe a bakin akwati ta yi wa Barau.

Akwai wata ƙa'idar kuma: in ɗan'uwanka na cikin masu nema, ka faɗa, ka janye. Sallau ya faɗa, ya miƙa makullinsa ga wani ma'aikaci, ya koma gida.

Aka buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, aka karanta da ƙarfi kowa na ji. Barau ne ya yi nasara.

Kun dai san halinmu. Ba a bar harabar ba wani ya soma: ai dole, ƙaninsa ne akawu.

Wanda ya rufe masa baki ba kowa ba ne, wani ɗan kwangila ne da shi ma ya faɗi a ranar. Cewa ya yi, ƙanin da ya mai da Barau gida da jiƙaƙƙun kaya saboda minti ashirin? A nemi wata maganar.

Barau yana tsaye, ya ji da kunnensa.

Bayan la'asar Sallau ya ji sallama a ƙofar gidansa, muryar da ya shekara biyu bai ji ta a nan ba. Ya fito da sauri, ko takalmi babu, ya durƙusa zai gaishe shi.

Barau ya kamo hannunsa ya ɗaga shi, ya ce, "Yau na samu aiki, kuma duk garin nan ba mai iya cewa ba ni aka yi. Kai ka yi mini wannan. Ina yaron? Ɗauko min ɗana in gan shi."

Sallau ya juya zai shiga gida, hawaye suka riga shi.

Darasi:

Ba duk wanda ya hana ka ne ya ƙi ka ba. Ƙa'idar da ta rufe maka ƙofa yau, ita ce za ta tsare maka mutunci ranar da rabonka ya zo. In an miƙa maka makullin jama'a, ka riƙe shi ko da zai ja maka fushin na gida.

Allah Ya jiƙan mutanen da, Ya ba mu irinsu a ƙananan hukumominmu.

Tura wa wanda ka san an damƙa masa makulli ko hatimi, ko da na ƙungiyar unguwa ne.