Kaset a Cikin Shinkafa

Jiya na tura hannu cikin buhun shinkafa, sai marigayi Baffa, ƙanin mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Cikin gwangwanin busasshiyar shinkafa yake ajiye wani kaset, don kada danshin garinmu Kaoje ya lalata shi. Fim ne da wasu baƙi suka ɗauka a bakin kogi, ba su gama ba, ba su fitar ba. Baffa ne ya tuƙa su a kwalekwale, ya roƙe su suka ba shi. Duk damina sai ya goge funfuna da auduga, ya juya zaren da biro. In mun yi masa dariya ya ce, "Abin da ba a gama ba, ba a yar da shi."

Shekarar da ruwa ya ci gidanmu, gwangwanin ya ɗora a ka, ya bar rediyonsa. Daga baya ya tafi da ni Illo wurin mai gyara, aka liƙe inda zaren ya tsinke, aka kunna. Hoton yana rawa, ba murya. Sai ga mata suna sauka daga jirgin ruwa, wata ta waiwayo tana dariya.

"Tsaya nan, malam!" in ji Baffa. "Ɗiyata, ga innarki."

Wurin haihuwata ta rasu, ba ta bar hoto ba. Wushiryata na gani a bakinta.

Ya Allah, yadda Baffa ya tsare mini wannan fuska daga ruwa, Ka tsare tasa daga wuta.