Motar Baba da Rumbun Goggo

Akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da muka karɓe wa Baba makullin motarsa.

Tsohuwar mota ce mai canza giya da kanta. Ya saye ta ne bayan ya bar aiki, don gwiwarsa ta hagu ta daina jure tuƙin mai giyar hannu. Da ita yake zuwa Tirmini duk mako gaida yayarsa, Goggo. Rannan na raka shi. Da za mu taso, ya ja sandar giya, ya taka, sai motar ta yi baya ta daki rumbun hatsin Goggo har ya tsage.

"Kan D na sa ta, giyar gaba," in ji shi.

Ban yarda ba. Ni na tuƙo mu zuwa Zinder lafiya lau, na tara ƙannena, muka yanke cewa tsufa ya kama shi. Ya miƙo makullin. Mako uku yana zaune a zaure, abinci ma sai Inna ta matsa masa. Goggo ta aiko sau biyu tana tambayar ƙaninta.

Da na kai motar garaji a gyara bayanta, wani dattijon makanike ya motsa sandar, ya dube ni.

"Me mai motar ya ce?"

Na faɗa masa, har da ƴar dariyata. Ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito da wata ƴar roba da ta cinye. Ita ke riƙe wayar da ke haɗa sanda da akwatin giya. Wani lokaci ta kama, wani lokaci ta zame, sanda na nuna D, giya kuwa ta maƙale a ta baya.

"Tsohonka bai yi kuskure ba," ya ce.

Na durƙusa gaban Baba da makullin da robar, na faɗa masa abin da makaniken ya gano, kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Baba, ku yafe mini."

Ya juya robar a tafinsa, ya yi murmushi. "Ni kaina na fara zargin kaina. Tashi ka duba mai, Yaya na jira."

Shi ya tuƙa, ina gefe. Tun daga ranar, in babba ya faɗi abin da ya gani, sai na bincika kafin in ɗora wa shekarunsa laifi.