Man Shanun Kakata

Har yau idan maƙwabta suka soya man shanu da albasa, ƙamshin ya tsallako katanga, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Argungu, kakata na zaune bisa tabarma ta cika ta fam.

Mahaifiyar babana ce, mace mai jiki na gaske. A karkace take shiga ƙofar ɗakinta. Ni jikanta ne na fari, don haka maigida take kirana, ni kuma in ce na sake ta saboda ta cinye mini gida. Tuwon shinkafarta sai ya yi iyo cikin man shanu, furarta kuwa sai sukari ya kwanta a gindin ƙwarya. A wurinmu ƙibar nan abin alfahari ce. Duk wanda ya gan ta sai ya sa wa babana albarka, ya ce ɗa ya riƙe uwarsa.

Ina shekara goma numfashinta ya fara gajarta. Daga ɗaki zuwa randa sai ta huta, ƙafafunta suka kumbura, salla ta koma a zaune. Babana ya kai ta asibiti Birnin Kebbi. Likita ya ce hawan jini ne da ciwon sukari, kuma zuciyarta ta gaji, jaki ɗaya ne aka ɗora wa kayan biyu. Ya hana mai, ya hana sukari, ya ce a rage gishiri, ta riƙa takawa.

Ta bi, tana mita. Kafin a yanke shinkafa zanenta ya fara zagaye ta da saura. Wata safiya muka taka da ita har bakin gulbi, ta tsaya tana kallon masunta, ba haki. A ranar ta yi azahar a tsaye.

Bikin sunan wata jikar ƙanwarta da muka je ne ya ɓata komai. Ina riƙe da takalmanta sai wata tsohuwa ta dube ta, ta kama haɓa.

“Assha! Mi yas same ki haka? Ko ɗan naki ya samu karayar arziki?”

Kakata ta yi dariya, amma ba ta ci komai ba a gidan. Da muka dawo ta jawo ni ɗaki.

“Maigida, miji na ƙwarai ba ya barin matatai ta rame. Ba ni son a zagi ubanka ina da rai.”

Ni na riƙa tare Fulani masu nono a bakin kasuwa ina sayo mata man shanu. Cikin kwalla muke ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Idan innata ta kawo tuwo ta fita, sai in zuba cokali biyu, ladana kuma lasar cokali. Wallahi da murna nake yi. Jiki ya dawo, masu sa albarka suka dawo, hakin ma ya dawo. Damina ta biyu ta rasu, a jingine da bango, don kwanciya ta gagare ta.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma duk sa'ad da babana ya ce, “Babu abin da likita yac ce wanda ba mu yi ba,” sai in sunkuyar da kai. Ban taɓa gaya masa ba, kuma abin na ci mini rai.

Bara likita ya faɗa mini irin maganar da aka faɗa mata. Yanzu kullum bayan asuba ina zagaya unguwarmu ta Gesse, nan Birnin Kebbi, a ƙafa, na yi sallama da man shanu. Ranar Juma'a na je Argungu gaida babana. Ya tsufa ƙwarai. Ya kama hannuna ya jujjuya, ya dube ni da tausayi.

“Kai, ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci?”

Na ce, “Tana ba ni, Baba.” Sai na zauna kusa da shi, na ce akwai wata tsohuwar magana da nake so ya ji, a kan kwallar da ke ƙarƙashin gadon kakata.