Mayafin da Gwaggo Ta Yafa a Baibai

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Tudun Wada, ni da ƙanwata, za mu Funtuwa gai da Gwaggo. Keke ya kai mu tasha cikin yayyafi, ina rungume da kwali kamar mai goyon jinjiri. A ciki akwai baƙin mayafi da na jera wa duwatsu masu ƙyalli, da katin furanni na takarda.

Sana'ata ke nan. Nakan zana ado a kwamfuta, injin yanka ya huda gurbin kowane dutse a jikin leda, in share duwatsun su faɗa ramukansu, in ɗauke su da leda mai danƙo, in manna a yadi da dutsen guga. Zanen wannan mayafin kuwa na Gwaggo ne, wani reshe mai ganye da take ɗinkawa a matasan kai tun ina yarinya. An ce min idonta ya yi rauni, shi ya sa nake ta sauri ta ga reshenta yana walƙiya. Wuta ta yi ta yi min rowa, aikin ya ja.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan masara. Tsakanin Shika da Giwa ramuka ne cike da ruwa, kowanne muka faɗa sai na leƙa kwalin. A Giwa muka sayi gasasshiyar masara, ƙanwata ta cinye tata ta bi da tawa.

Mun tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta. Na yi sallama, ta juyo wajen muryata, amma idanun suka wuce ta kafaɗata. Nan na san na makara.

Katin ta fara lalubowa. Ta jujjuya shi, sai ta hau fifita da shi, furannin da injin ya yanka siri-siri duk suka lanƙwashe. Ƙanwata ta yi dariya, ta kau da kai tana share ido.

Na ɗora mata mayafin a cinya, ta bi shi da yatsa.

"Tsakuwa aka zuba masa?"

"Reshenki ne, Gwaggo, na jikin matashi."

Ta sake bi a hankali, ta daɗe. "Sun yi ƙanana, 'yar nan. Ina kama ganye sai ya kuɓuce min. Allah dai ya yi albarka."

Ta yafa shi a baibai, duwatsun na ciki. Na miƙa hannu zan gyara, ta riƙe ni.

"Bar shi. Ta nan nake jin su."

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge. Muka iso Tudun Wada dab da magariba, raina a jagule. Tafiyar nan ta nuna min cewa tun da na sayi injin, ido kawai nake yi wa aiki. Ƙananan duwatsu na zaɓa don sun fi kyau a hoto.

Da aka kawo wuta na buɗe zanen, na ƙara wa ramukan girma, na ware ganye daga ganye. Injin ya gama yanka, na zuba manyan duwatsu, na rufe idona na bi su da yatsa. Sai da na kama ganyen duka kafin na ɗauke duwatsun zuwa kan sabon mayafi, na ɗora dutsen guga.